Ranar da na soki Bello a Kalgo

Gwandu

Ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba, muka bar Gwandu a bas, mu goma sha ɗaya, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu. Ɗaliban jami'a ne suka gayyace mu Kalgo. Wasan tsoho ne na Turawa, Malam Nasiru shugabanmu ya mayar da shi Hausa: wani sarkin yaƙi ya ci garuruwa har ya fara hangen mulkin ƙasa shi kaɗai, sai manyan gari suka haɗa baki suka kashe shi, har da amininsa a ciki.

Ni tela ne, amma a wasan ni ne aminin. Bello mai gyaran rediyo, abokina tun muna yara, shi ne sarkin yaƙin. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ba wanda ya gaya mata ƙarshen wasan.

Hanya

Wajen shida da kwata muka iso shingen 'yan sanda. Ɗaya ya buɗe buhu, ya zaro wuƙaƙenmu na katako.

"Na mene ne waɗannan?"

"Shugaba za su kashe, yallaɓai," in ji Sani direba.

Sai da Malam Nasiru ya sauka ya yi bayani. Ɗan sandan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce. Inna kuwa ta juyo ta dube ni.

"Wa za a kashe?"

"Bello, Inna. Amma na wasa ne."

Daga nan gardama ta kaure. Malam Nasiru ya ce kisan sarkin yaƙin kishin ƙasa ne, don da an bar mutumin da ya mayar da kowa bawa. Sani ya ce, "Ai bai yi ba tukuna, Malam. A yanka sa don ana zaton zai yi tunkuyi?" Ba su daina ba har Birnin Kebbi, inda muka karya da masa da shayi mai kauri.

Kalgo

Tara saura muka shiga jami'a. Aka ba mu ɗaki muka shirya, sha ɗaya muka hau dandamali, zaure cike maƙil. Da na soki Bello, sai ya ɗago ya dube ni. Jawabin da na saba yi da ƙarfi, a hankali ya fito. Aka yi ta tafi.

Bayan wasa ɗalibai suka rabu biyu, wasu na cewa aminin gwarzo ne, wasu maci amana. Wata ɗaliba ta kai wa Inna abin magana, ta ce uwar mamaci ta yanke hukunci.

Inna ta gyara mayafi ta fuskance ni. "Umaru, da ka ga abokinka ya kauce, ka tai gidansa ka hwaɗa mai?"

"A wasan babu wannan, Inna."

"Ka shiga ɗaki da maƙiyansa kun ƙulla magana, amma ba ka iya zama da shi tabarma guda ba? To ni ban ga kishin ƙasa ba a nan. Tsoron idonsa ka ji."

Zauren ya ɓarke da tafi. Malam Nasiru ya ce shekara ashirin yana karantar da wasan nan, bai taɓa yin wannan tambayar ba.

Ɗaliban suka ciyar da mu shinkafa da soyayyen kifi. Inna ta tura mini babban yanka, ta ce wa ɗanta, "Kai kuma mutuwarka ta yi tsawo. Ragon layya bai kai ka shure-shure ba."

Gida

Huɗu muka baro Kalgo, ana kiran magariba muka shigo Gwandu. Bello ya sauko yana ɗingishi, wai har yanzu wuƙata na haƙarƙarinsa, ya rataya a kafaɗata, haka muka raka Inna har ƙofar gida.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ɗaliban Kalgo, Allah ya saka muku da alheri.