Gilashin da Zailani Ya Binne

Mijin yayata, Zailani, shekara goma sha tara ya yi yana juya majigi a wani gidan silima mara rufi a Omdurman, ƙasar Sudan. Da aka rufe gidan aka mai da shi sito, abokan aikinsa kowa ya kwashi abin amfani, wannan kujeru, wancan fanka. Shi kuwa sai ya rungumo wani gilashi mai nauyi cikin kwanson tagulla, ya kawo wa yayata Barakatu yana washe baki. Adasa yake kiransa, da Larabci, kuma ban taɓa ganin ya kalli ɗan Adam da irin idon da yake kallonsa ba.

Fim mai faɗi a matse ake ɗaukarsa, mutane su fito sirara dogaye kamar karan dawa. Sai an sa gilashin nan a bakin majigi hoton yake buɗewa ya cika bango, kowa ya koma jikinsa. Wannan bayanin na sha shi ya fi sau ɗari, ba tare da na tambaya ba.

Gyaran talabijin ya koma yi a Kasuwar Libiya ta cikin Omdurman. A can ya samu tsohon majigin ofis, ya haye Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, aka yi masa waldar ƙarfen da zai riƙe gilashin, ya shafe bangon falo da farin fenti. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya toshe tagogi da barguna, mu zauna muna ta zufa shi yana murza gilashin. Muddin tayar mota a fim ɗin ba ta fito a zagaye ba, ba za a fara ba.

"Ya zol, shayi ya huce," in ji ni, wato "kai malam" da Larabcin garin.

"Ya daskare ma. Ido kake da shi ko ado?"

A bikin 'yarsa Hiba ne taurin kan nasa ya kai inda ya kai. Ya ce ta cikin gilashin za a ɗauki bidiyon, a matse, irin na silima. Barakatu ta ce, "Abu Mujtaba, don Allah a ɗauka kamar na mutane." Ya ce mutane ba su san komai ba. Har kyamarar ya ƙwace daga hannun ɗansu Mujtaba, wanda kullum shi ke ɗaukar wasu, ba a ɗaukarsa. Da haka Mujtaba ya shiga bidiyo karo ɗaya a rayuwarsa, ƙaton saurayi mai kumatu, yana rawa yana kaɗa yatsu a saman kan ango.

Shekara na zagayowa yaƙi ya shigo gari. Muka daure wata huɗu, sannan muka nufi Gadarif, Mujtaba ya ce shi zai tsare gida. Safiyar da za mu tashi, mota na jira, Zailani yana gindin dalbejiya da shebur. Ya naɗe gilashin a mayafin matarsa, ya cusa a gwangwanin madara, ya binne. Hotunan yara kuwa aka bar su a kabad. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Wayoyinmu a hanya masu bindiga suka karɓe.

Bayan wata uku aka zo aka tafi da Mujtaba. Waɗanda suka fito daga inda aka tsare su ne suka kawo mana labarin rasuwarsa. Sun ce yunwa ce. Ba gawa, ba kabari.

Abin da ya rage na fuskarsa shi ne bidiyon bikin, a ɗan filas na kwamfuta da ke aljihun Zailani. Barakatu ta roƙa, ta yi kuka, ta yi fushi. Ya ce ba za ta ga ɗanta a matse ba, ta yi haƙuri sai a bangonsu, ta cikin adasa, yadda Allah ya yi shi. Na san ƙauna ce ta sa shi, amma na tsani wannan ƙaunar. Kusan shekara biyu tana jira.

Da hanya ta buɗe muka koma. Ba ƙofa, ba taga, har wayoyin lantarki an zare daga bango. Kabad da hotunan an yi girki da su. A gindin dalbejiya ga rami. Masu neman zinariyar da mutane suka binne sun tono gwangwanin, da suka ga ba ita ba ce sai suka fasa gilashin a kan dutse suka tafi da tagullar. Zailani ya durƙusa yana tsintar fasassun.

Ranar Juma'a na aro majigi da batirin mota. Hoto ya hau tsakiyar bango, gefe da gefe duhu. Ga Mujtaba yana rawa, kumatun sun zube, wuya dogo, jallabiya na lilo a jikinsa. Zailani ya kai hannu bakin majigin don ya murza, yatsunsa suka kama iska.

Hiba ta ce wa uwarta, "Yumma, a wayar mijina zan iya buɗe shi. Minti biyu ne, tamam, daidai zai fito."

Zailani ya juyo ya kalle ta. Minti biyu. Ni ma sai da na sunkuyar da kai.

Barakatu ba ta ɗauke ido daga bangon ba. "Bar shi haka," ta ce. "Mai kumatun ni na haife shi, na san shi. Wannan ne ban gani ba. Haka suka ce ya koma."

Tun daga ranar ba ta yarda an taɓa bidiyon ba. Duk Juma'a bayan la'asar Zailani ne ke toshe mata tagogin, ya kunna, ya fita tsakar gida ya zauna a bakin ramin. Har yau bai cike shi ba.