Ranar da Na Yi wa Goɗiya Kwalliya

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku.

Shekarun baya, jiharmu tana sabuwa, muna zaune a wani ƙauye gefen Aujara. Maigidana ba shi da shanun huɗa, goɗiya ɗaya gare shi. Ita ke jan amalanke, ta kai wa mutane taki gona da rani, ta kwaso musu dawa da kaka. Da guminta muke ci. To, amalanken ya tsufa, har ƙafarsa ta karye ana gab da fara kai taki.

Sai ga labari cewa ma'aikata za su zo daga Dutse, su rubuta masu sana'a da dabba, a taimaka musu da sabon amalanke. Aka ce kowa ya fito da dabbarsa ƙofar mai gari.

Na dubi goɗiyarmu, kafaɗa duk tabon igiya. Na ce, "Malam, a haka za ka kai ta gaban baƙi? Ai sai a yi da mu."

Ya ce, "Uwar yara, a haka take aikinta."

Ban saurara ba. Na aika gidan yayana aka aro sirdi da jalalar shimfiɗa masa mai aikin zare. Na wanke goɗiyar, na shafe ta da man gyaɗa, na rufe tabon nan kaf. Malam ma na sa shi ya saka rigar Sallah. Ni a ganina na gama dabara.

Da azahar ya dawo, ya kwance sirdin. Sai da ya sha ruwa ya faɗa mini. Wai ma'aikacin ya zagaya ta, ya ce, "Baba, tubarkalla! Amma doki abin hawa ne, takardarmu ta dabbar aiki ce."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, taki take ja."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Da wannan ƙyallin? Baba, ka bar wa talakawa."

Maƙwabcinmu da ya je da jaki mai gyambo, shi aka rubuta.

Mu an raine mu da ɓoye babu idan baƙo ya zo. Ban san akwai ranar da babun ake zuwa dubawa ba. Har yau ina tunanin ko da ma'aikacin ya ga tabon zai rubuta mu. Allah ne masani.

Maƙwabcin ya ci gajiyar amalankensa har ya aurar da 'ya'ya. Goɗiya kuwa, kafin damina muka sayar wa wani mutumin Haɗeja. Malam ya koma noman ƙwadago, ya shekara goma sha ɗaya a duniya bayan nan, bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. Da ma ya yi mini faɗa, da na huta.