Ayabar Mzee Venusti

Duk garin Arusha ban san mai baki kamar Mama Eliaichi Kimaro ba. Tare muka taso a gindin dutsen Kilimanjaro, tare muka sauko gari neman abin yi. Ni na kama sayar da gwanjo, ita kuma ta samu aikin girki a gidan da ake ajiye mutanen da kotun duniya ta wanke.

A nan ta haɗu da Mzee Venusti, tsohon malamin makaranta daga ƙasar nan da aka yi kashe-kashe. An tsare shi shekara da shekaru, alƙalai suka bincika ciki da bai, suka ce ba hannunsa. Sai dai sakin bai kai shi ko'ina ba. Gida ba ya komuwa, ƙasar Turai da 'yarsa take kuma ta ƙi ba shi izinin shiga. Tana goye ya bar ta, ga shi har ta yi aure. Burinsa kawai ya gan ta kafin ta Allah ta kasance.

Matan unguwa suka sa Eliaichi a gaba, wai tana ciyar da mai kisan kai.

"Ke kika zauna shari'ar?" ta ce wa wata. "Alƙalai uku, kowa da nahiyarsa, sun ce bai yi ba. Ke ko ɓarawon kazarki ba ki gano ba har yau."

A al'adar gidan su Eliaichi, baƙo in ya daɗe sai an ba shi ɗan ayaba ya dasa. Ta kawo wa Mzee nasa, ya ƙi taɓawa.

"Mama, ni da zan tafi gobe ko jibi?"

"To na dasa maka. In ka tafi na ci da hannu biyu."

Ayaba ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki, Mzee na nan, akwatinsa a ɗaure bayan ƙofa. Ya rantse ba zai sa ta a baki ba, wai in ya ci ya zama ɗan gida ke nan. Ita kuwa ba ta raga masa. Kullum da safe sai ta ce, "Mzee, jikanyarka ta bayan taga tana gaishe ka." A gabansa dariya take, amma a rumfata ta sha yin kuka saboda tausayinsa.

Ran nan da hantsi sai ga ta a kasuwa, takalmi ɗaya, ludayi a hannu, tana tiƙar rawa. Ta ture mini tulin riguna, ta rungume wani ɗan sanda da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da ƙyar na gane zancen: lauyan Mzee ya bugo waya, ƙasar da 'yarsa take ta yarda ya shiga. Na bar rumfa a buɗe muka kwasa da gudu sai wajen Mzee, manyan mata da mu, yara na yi mana dariya.

Ta sari nonon ayabar nan, ta ɗora mtori, faten ayaba da nama da muke ba mai jego.

"Mama, wannan ai na masu jego ne," in ji Mzee.

"To yau ba haihuwa aka yi ba? An haifa wa yarinya uba. Buɗe baki."

Ya ci, ya ƙara, ya sa yatsa ya suɗe kwano. "Shekarun nan duka ƙamshin abin nan ya kusa kashe ni," ya ce. Muka yi dariya har na faɗo daga benci.

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Ta ce tana so ta shirya masa abinci ranar da zai sauka, amma ba ta san abin da babanta yake so ba. Mzee ya juyo ya dubi Eliaichi.

Eliaichi ta goge hannu a zani, ta karɓe wayar.

"'Yata, ki nemi ɗanyar ayaba. Kina da babbar tukunya?"