Ranar da Ya Miƙo Mini Kwano da Hagu

Shekaru sun kwashe mini abubuwa da yawa. Fuskokin wasu da muka daɗe tare sun ɓace mini, wani lokaci ma sai na tambayi jikata, wadda ke rubuta mini wannan, inda na ajiye carbina. Amma akwai wata Laraba da na san har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba: ranar da ɗana ya miƙo mini kwano da hannun hagu.

Zamanin da kuɗin fetur suka shigo ƙasa ne. Manyan motoci na ta wucewa ta Jibiya zuwa Maraɗi dare da rana, gwamnati kuma na ta gine-gine. A bayan gari aka yi wata kwalejin horon malamai, ni kuma mijina ya rasu, sai na samu aikin dafa wa ɗalibai abinci. Ɗana na fari yana cikinsu, a ajin ƙarshe. Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba, amma mu a lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, in ba ya wurin in ce "wancan yaron". Na riƙe wannan kunya da ƙarfi, har ina jin kaina da ita.

Dab da madafarmu aka zuba siminti aka yi filin ƙwallon kwando. Ban taɓa shiga aji ba, ban san ƙa'idar wasan ba, amma shekara uku ina tsintar wake ina kallonsu, ni kuma idona ba ya kallon banza. Na gane akwai mutum ɗaya da ke ɗauko ƙwallo daga baya yana rarraba wa sauran, in ya rikice kowa ya rikice. Wurin ɗana ke nan, shi ne ma shugabansu. A shekarar sai ga wani sabon ɗalibi daga Gangara, siriri, ɗan aji ɗaya, gudu kamar an kunna masa wuta a ƙafa. Shi ma wurin yake so.

Sai aka ce ɗaliban wata makarantar Maraɗi za su tsallako ranar Asabar a kara. Kwaleji ta rabu biyu. Wasu na cewa a fara da wanda ya san hannu, ba a kai sabon shiga gaban baƙi. Wasu na cewa 'yan Maraɗi gudu gare su, sai mai gudu. Har mu masu girki gardamar ta iso mu. Malamin wasanni, wani matashi mai natsuwa da ya yi karatu a Zariya, ya riga ya yanke: ɗana ne zai fara. Ƙarya nake in na ce ban ji daɗi ba.

Ranar Laraba da rana suka yi layin abinci. Da layi ya zo kansa sai ya miƙo kwano da hagu. Na buga kwanon da ludayi.

"Wa ya koya maka wannan? A gidan wa ka gani?"

Ya yi sauri ya mayar hannun dama. Na zuba shinkafa da wake, sai na ga kwanon na rawa, ya cije leɓe. Sannan na lura, ana tsakiyar bazara, kowa na zufa, shi kuma riga mai dogon hannu ce a jikinsa, har ya ɓalle maɓalli a wuyan hannu. Yaron da ko yana rarrafe bai taɓa karɓar abu da hagu a hannuna ba.

Da aka watse na kira shi bayan tarin itace. "Naɗe hannun rigar nan." Ya tsaya kallon ƙasa. "Ba da kai nake ba?" Ya naɗe. Wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum, har ya canja launi. Tun Litinin ya faɗi a kan simintin, ya ɓoye.

"Inna, don girman Allah kar ki faɗa wa kowa. Wasana na ƙarshe ke nan. In an gama zan je a duba."

"Jarrabawa fa?"

"Saura wata ɗaya da rabi, zai warke."

Jarrabawar nan ita ce za ta mayar da shi malami. Dominta nake shan hayaƙi tun asuba. Kuma da wannan hannun zai rubuta ta. In ya sake faɗuwa a kansa ranar Asabar, shike nan.

Abokiyar aikina, wata Bamaraɗiya mai baki, ta ga na kasa cin abinci, na faɗa mata. Ta tafa hannu ta yi dariya. "To ke da ko sunansa ba ki faɗi, mi za ki ce wa Mushe?" Haka take kiran kowane malami, irin na can ƙetare. "Ki ce wani yaro na wata mata ba shi da lafiya?" Na harare ta, amma ta faɗi gaskiya. Ni da ban taɓa tsayawa gaban namiji in yi maganar ɗan fari ba. Na yini na kwana ina juya abin, ina neman wanda zan aika. Na ga duk wanda na aika, yaron zai musa, a yarda da shi.

Alhamis bayan la'asar na gyara mayafina na taka har bakin filin. Malamin ya busa usur, ya taho yana murmushi.

"Inna, lafiya? Ko ƙwallonmu ta sake faɗawa cikin miya?"

"Malam, yaron can hannunsa ba lafiya."

"Wanne, Inna?"

"Wancan."

"Su goma sha biyu ne a can. Wanne daga ciki?"

Ba da gangan ya yi ba, duk sun taru wuri ɗaya. Sai kawai na buɗe baki na faɗi sunansa, sunan da rabona da shi tun ranar da aka raɗa masa. Shi kansa ya ɗago ya kalle ni kamar bai san ni ba.

Malamin nan, Allah ya saka masa da alheri, bai ce mai girki me ta sani ba. Bai kuma kunyata yaron da tambaya ba. Ya ɗauki ƙwallo ya jefa masa a hankali ta dama. Yaron ya kai hannu, ya yi ƙara, ƙwallo ta gangara. Washegari da safe malamin ya ɗora shi a babur ɗinsa har Katsina. Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi ya tsage, aka ɗaure hannun.

Da suka dawo malamin ya leƙo madafa da kansa ya faɗa mini. Har ya juya sai ya ce, "Inna, tunda idonki ya fi nawa, ya kika ga ɗan Gangara?"

Na ce, "Yana da gudu, amma ba ya ɗaga kai. Ƙwallo yake kallo kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sai an samu mai yi masa magana."

Ya gyaɗa kai, ya tafi. Ɗana kuwa ya daina bin layina, ya koma karɓar abinci wurin Bamaraɗiya. In mun haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

Asabar 'yan Maraɗi suka iso cike da mota, da gangunansu. Mutanen gari suka kewaye fili, har direbobin tasha. Aka fara da ɗan Gangara. Wayyo! Sau uku yana miƙa wa baƙi ƙwallo a hannu kamar mai rabon goro. Na ji wasu ɗalibai na cewa, "Inna ta gama da mu," suna waiwayen madafa. Bamaraɗiya na rangaɗa guɗa a kunnena. Ɗana na zaune a benci kusa da malamin, da farin ɗauri a hannu, fuska a murtuke. Na ga malamin ya sunkuya ya faɗa masa wata magana. Ya kau da kai. Can da ƙwallo ta sake kuɓucewa, sai ya kasa daurewa, ya miƙe tsaye.

"Kai ɗan Gangara! Ɗaga kanka! Ga dogo can a hagunka!"

Yaron ya ɗaga kai, ya jefa, dogo ya zura a raga. Daga nan ɗana bai sake zama ba. Yana bin gefen fili yana kira, yaron na gudu da ƙafafunsa yana gani da idon wani. Muryar ɗana har ta dushe.

Ba mu ci ba. Da ɗan kaɗan suka fi mu, suka koma gida suna kiɗa. Akwai waɗanda har suka bar kwalejin suna cewa da ɗana ya buga da mun ci. Mai yiwuwa ne, ban musa ba.

Lahadi da rana ina rabon tuwo, sai ga kwano an miƙo mini da hannu biyu, mai lafiyar yana tallafe da mai ɗauri. Ban ɗaga kai ba. Na zuba, na ƙara masa tsoka ɗaya, abin da ban taɓa yi ba.

"Na gode, Inna," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Wuce, ka tsare wa mutane layi."

An kwance ɗaurin kafin jarrabawa. Ya rubuta, ya ci, ya yi shekaru yana riƙe alli da hannun nan har ya yi ritaya. Ɗan Gangara shi ya gaji wurinsa. Malamin ban san inda rayuwa ta kai shi ba, amma ban taɓa idar da salla ban sa shi a addu'a ba, don ya saurari matar da ba ta san ko harafi ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya daɗe a wuri ba sai yana tsakiyar fili yake da amfani ba, sabo kuma ba ya lalacewa in akwai mai ce masa ya ɗaga kai. Ita kuwa kunya, har gobe ina ganin girmanta, ban kuma sake kiran sunan nan ba. Amma in shirunki zai ci hannun ɗanki, ki buɗe baki, ko duk gari na tsaye.