Sifikar da Kawu Ya Canja

Ba zan rantse a kan shekarar ba, don ƙwaƙwalwa ta fara yi mini gardama, amma ina jin a ƙarshen daminar 1976 ne, ranar kasuwar Jibiya, Kawu Sani, ƙanen mahaifiyarmu, ya shigo gidanmu da kwali a hammata. A makon ne Inna ta fita takaba. Na dawo daga yankan ciyawar tumaki ke nan, ina zaune a zaure kusa da amfilifayar Baba, na'urar ƙara sauti, wadda ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa.

Baba direban babbar mota ne tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma a can ya samo amfilifayar, idan ban yi kuskure ba. Akwatin katako ce, a bayanta akwai kwalaben gilashi waɗanda sai sun yi ja sun ɗumama kafin ta yi magana. Idan ya sauka da la'asar mukan ɗauke ta zuwa bakin iyaka, inda injin 'yan kwastan ke ba da wuta, ya haɗa makirfo da hamonika, 'yar abin busar nan ta ƙarfe, ya rufe su cikin tafin hannu. Takardar sifikar ta daɗe da yagewa, ya liƙe ta da ƙaro da guntun buhun siminti, shi ya sa sautin ke fitowa a dishe yana karkarwa. Direbobin da ke jiran a ɗaga musu sanda kan taru su yi tsit. Waƙa guda ya koya mini, kuma duk watannin zaman makoki abin da nake jira shi ne in busa ta, in sake jin muryar nan tasa.

"Kowa na sayen sabo yanzu, ku kuna fama da mai mura," in ji Kawu. "Ɗan nan, riƙe mani haske." Ya kwance kusoshi, ya gasa ƙarfe a gawayi ya narka dalma, ya ɗaura sabuwar sifika baƙa wuluk. Tsohuwar kuwa ya miƙa wa yaran unguwa, suka fasa ta suka ciro maganaɗisun, suna jan sa a cikin yashi suna tsintar ƙusa. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ba na shakka.

Da la'asar muka kai amfilifayar bakin iyaka, na busa hamonikar. Sautin ya fito tas, babu dishi ko kaɗan. Wani direba ɗan Nijar ya ce, "Madalla, sai ka ce rediyo!" Na busa waƙar har ƙarshe, ban yi kuskure ba, ban kuma ji komai a raina ba. Da muka koma gida Inna ta ce, "Ta yi?" Na ce ta yi. Ta ci gaba da tankaɗe.

Yau yara kan ji kiɗan duniya a waya. Bayan na gama jami'a na ji an ce masu busa a wasu ƙasashe dishin nan suke nema da gangan, ko da yake ban tabbatar ba. Amfilifayar tana ɗakina, sifikar Kawu ta tsufa amma ta ƙi yagewa. Ni kaɗai na rage mai tuna sautin a gidanmu, kuma na fara kokwanton kunnena. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sandar nan ya ji Baba, ina roƙonsa ya gyara mini inda na kauce.