Takardar Sallamar da Na Ƙi Karɓa

Salamu alaikum. Wata takwas ke nan ban leƙo shafin nan ba. Masu kirana ban ɗauka ba, ku yafe mini, a lokacin bakin ma ba nawa ba ne.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin ofis a wani kamfani a Maitama. Rana ɗaya aka tara mu aka ce hedikwata za ta koma Legas, ba kuma da kowa za a tafi ba. Shugaban sashenmu, Oga Tunde, shi ya miƙo mini takardar sallama. Wanda ya san ni ya san ina da zuciya. Na wurga masa ita a kan tebur, na ce ya jiƙa ya sha, na fice.

Dama ina da hawan jini, kuma da katin inshorar ofis nake karɓar magani duk wata. Bayan sallamar na je asibiti, yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce an rufe katin. Maimakon in saya da kuɗina, sai na koma wa zoɓo da tafarnuwa. Matata, Maman Hanifa, ba ta sani ba, domin kwalin maganin na nan a kan firji, babu komai a cikinsa.

Da ciwon ƙeya ya fara. Sai ganin dishi-dishi. Na ce tunani ne.

Wata Talata ina alwalar azahar a gidanmu na Gwarinpa, buta ta suɓuce daga hannuna. Na zo kurkure baki, ruwan ya riƙa zubowa ta gefe ɗaya. Na kira Maman Hanifa, abin da ya fito ba sunanta ba ne.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Hankalina garau, ina ganin komai, amma ɓarin jikina na dama ya zama kamar kayan aro.

A asibiti sai da ta biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa kafin a tura ni cikin na'urar. Daga baya na ji ’yan kunnenta ne suka tafi. Likita ya duba sakamakon ya ce, “Malam Sanusi, yaushe rabonka da magani?” Na ɗaga yatsu uku na hagu. Ya ce, “Kwana uku?” Na girgiza kai. Wata uku.

Maman Hanifa ta gyara mini mayafi kawai. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kwana goma sha uku na yi a gado. Awon jini safe da yamma, allura, robar fitsari. Mutumin da ke gadon kusa da ni ya rasu da hantsi, aka ja labule aka fita da shi, ni kuwa ina kwance ina kallon silin ina tunanin makarantar Hanifa.

Ranar da za mu koma gida likita ya ce, “Hannun nan zai iya dawowa, amma sai da gashin ƙashi sau uku a mako, kuma watannin farko su ne masu muhimmanci. In suka wuce, sai dai haƙuri.”

Babu abin biyan gashin. Sai aka tuna mana cewa wanda ya yi wata huɗu babu aiki zai iya neman kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin fanshonsa. Maman Hanifa ta tura ni a keken guragu har ofishin fanshon. Ma'aikaciyar ta lissafo takardun da ake buƙata, ta ƙare da cewa, “Sai kuma takardar sallama daga wurin aiki, original. Ba ita, ba abin da zan iya yi.”

Muka je Maitama. An cire allon kamfanin, wasu ne ma a ginin.

Kwana biyar ina juya wayar, hannuna kuma yana ƙara ƙandarewa, yatsun suna naɗewa ciki. A na shida na kira Oga Tunde. Ya yi ta cewa, “Hello? Who be this?” domin bai gane maganata ba. Kuka ya ƙwace mini. Maman Hanifa ta karɓi wayar ta gaya masa komai.

Sai ya ce mata da irin Hausarsa, “Madam, letter nasa yana nan cikin drawer na. Ni ban yar da shi ba. Na sani wata rana zai nema.”

Washegari ya ba direban motar Legas zuwa Abuja. Takardar ta iso da lanƙwasar da na yi mata ranar da na wurgar.

Da aka miƙo fom ban iya sa hannu ba. Maman Hanifa ce ta kama babban yatsana ta dangwala a tawada, aka haɗa da rahoton likita. Makonni muka yi muna jira, kullum ina tsoron lokacin da likita ya faɗa ya wuce. Kafin kuɗin su shigo, yayata Asabe ta ɗauki nauyin gashin farko.

Yanzu ina tafiya da sanda, magana ta dawo, ko da yake har yau in ƙeyata ta ɗan sara sai gabana ya faɗi. Aiki ban samu ba tukuna.

Na gode wa Allah. Na gode wa Maman Hanifa, da Yaya Asabe, da masu gashin da suka jure masifata. Oga Tunde, na ci mutuncinka a gaban mutane, don haka a gaban mutane nake neman afuwarka.

In an sallame ku, ku karɓi takardarku komai zafin rai, ku yi mata kwafi ku adana. Ku tambayi ranar da katin asibitinku zai daina aiki. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi, in babu kuɗin saye ku buɗe baki ku faɗa wa na gida.

Rubutun nan kwana uku ya ɗauke ni, da yatsa ɗaya. Amma da hannun dama na yi shi.