Tayoyin da Na Jibge a Bayan Madafarta

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni mai faci ne a bakin titi a Hunkuyi, matashi mai ji da kansa, da matata ɗaya da 'ya'ya biyu. Sana'ar faci ba ta tara wa mutum komai sai tsofaffin tayoyi, ni kuwa ban taɓa yar da ko ɗaya ba. A wajenmu taya ba ta zama shara. Da iskar farkon damina ta taso kowa sai ya nemi abin da zai danne rufin kwanonsa, har daga Kudan da Makarfi ake zuwa saye a wurina. Da wurin faci ya cika sai na riƙa kwaso su gida ina jibgewa a bayan madafa, daidai inda matata take wuni tana suyar awarar sayarwa. Ta sha yi mini mita cewa sauro yana damunta a wurin da rana tsaka. Dariya nake yi mata, ina cewa shi ma awarar ce ta kawo shi.

Ni fa a ganina ba wanda ya kai ni kula da iyali, domin kowane gado a gidana da gidan sauronsa. Shi ya sa da zazzaɓi ya kwantar da ita a tsakiyar damina, faɗa na fara yi mata kafin sannu. Na ce ita ce ba ta sauke gidan sauro saboda zafi, ga shi ta jawo mana. Ta rantse tana saukewa, ban saurare ta ba. Ta ce wannan ba irin zazzaɓin da ta sani ba ne, bayan idanunta kamar ana danna mata yatsa, gaɓoɓinta kamar an yi mata dukan tsiya. Na kai ta kemis. Mai kemis ko gwaji bai yi ba, ya taɓa goshinta ya ce maleriya ce da taifod, kamar yadda yake gaya wa duk wanda ya taka ƙofarsa. Aka yi allurai, ba sauƙi. Da ciwon jikin ya ishe ta sai na ɗebo mata ƙwayoyin nan masu ƙarfi da mu masu aikin ƙarfi muke sha in jiki ya yi tsami. Da hannuna na riƙa ba ta safe da yamma, ina jin kaina miji na gari.

Bayan 'yan kwanaki zafin jikin ya sauka. Muka yi hamdala, ta lallaɓa har ta share tsakar gida, ni kuma na koma bakin titi. Kafin la'asar aka aiko cewa ciki ya murɗe ta, amai ya ƙi tsayawa, ga jini a dasashinta. Surukata ta ce ciwon shawara ne, a jiƙa saiwa. Maƙwabta kowa da nasa, har da mai cewa hannu aka sa mata saboda cinikinta ya fi na wasu. Ni na ce asuwaki ne ya ji mata ciwo. Haka muka ɓata wuni guda muna musu a kanta tana kwance tafin hannunta ya yi sanyi. Sai da jini ya ɓalle mata ta hanci na nemo mota, daga asibitin kusa aka tura mu Zariya.

A can aka ɗibi jininta, wata likita ta kira ni gefe. Ta ce zazzaɓin denge ne, sunan da ban taɓa ji ba. Ta ce ba sauron maleriya ke kawo shi ba, wani ne mai zanen fari da baƙi a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da hantsi da gab da magariba, don haka gidan sauron dare bai isa ba. Ta ce lokacin da zafin ya sauka shi ne mafi haɗari, kuma irin ƙwayoyin da na ba matata suna ƙara zubar jini. Sannan ta tambaye ni ko muna da inda ruwan sama ke kwanciya a gida, kamar buɗaɗɗiyar randa, ko gwangwani, ko tsohuwar taya. Nan take tayoyin bayan madafa suka faɗo mini a rai. An yi wa matata ƙarin ruwa, na ba da jinina, amma mun makara. Ta rasu ban nemi gafararta a kan faɗan gidan sauro ba.

Bayan an share makoki na zagaya bayan madafa na karkata taya ɗaya. Ruwa ya zubo, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki ba iyaka. Haka ta biyu, haka ta ƙarƙashinta, duk a bayan kujerar da take zama. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Har yau raina a ɓace yake, da kaina, da mai kemis ɗin da bai daina kiran kowane zazzaɓi maleriya ba, da mutanenmu da suka fi yarda da sammu a kan sauro. Don Allah in zazzaɓi ya zo da ciwon bayan ido da na gaɓoɓi a je asibiti a gwada, kada a sha maganin ciwon jiki sai wanda likita ya ce. In zafi ya sauka ciki ya murɗa ko jini ya fito, kada a tsaya shawara da kowa. A rufe randa da duro, a huda taya kafin a ɗora ta a rufi. Duk damina nakan ɗauki wuƙa in bi gidajen da na sayar wa tayoyi ina roƙon su bar ni in hau in huda. Wasu su bari, wasu su ce rashin mata ya taɓa mini kai. Ita ma da ta ce sauro na cizonta da rana, dariya na yi mata.